Masu kallo dubu ɗari, mai saye ko ɗaya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan jaridar nan, dan Allah ka ɗan sam min fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana cina a rai, akan tallar nan da muke yi yanzu ta waya mu ƙananan 'yan kasuwa, bidiyo ne, sitatus ne, laif ne, har da hirar nan ta murya da yara ke cewa fodkas. Ni dai ba malami bane kuma ban yi kwas ɗin komai ba, shadda da yadi da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, rabin shago ma nake haya ni da wani abokina, amma tun 2020 nake cikin harkar nan, na ci riba na kuma tafka asara, kuma kullum sai naga wani sabon shiga yana faɗawa ramin da na faɗa, shi yasa nace bari in rubuto ko wani zai tsira da jarinsa.

Ni kaina ba da son raina na fara ba. Kowa ya tuna watan Afrilun 2020 da aka kulle Kano saboda korona, ga azumi ya shigo, kuma duk ɗan Kwari ya san cinikin azumi shine cinikin shekara, na ɗauko kaya bashi a hannun ubangidana ina lissafin sallah sai kawai aka ce kowa ya zauna a gida. Dama tun watan Agustan 2019 aka rufe boda, mutanenmu na Maraɗi da Damagaram da ke zuwa sari sun yi ƙafa, toh sai ga wannan kuma. Ina da wasu turame da na kai gida, suna jibge a lungun ɗaki ina kallonsu suna kallona. Uwargida ce, wadda na daɗe ina yi wa dariya akan yaji da turaren wutar da take sakawa a sitatus ɗin WhatsApp, rannan bayan shan ruwa tace "Maigida kawo kayan nan in ɗauka, ai zama dai bai ganka ba." Nace wa zai sayi atamfa a waya bai taɓa ba bai murza ba, ai cinikin biri a sama kenan. Bata ce min komai ba ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida washegari da hantsi ta ɗauka. Kafin sallah babu turmi ko ɗaya da ya rage, ƙawayenta da 'yan islamiyyarsu da dangin dangi suka kwashe. Tun daga ranar na kama bakina.

Abu na farko da ya fara koya min hankali shine kala. Mai sayar da takalmi ko wayar hannu bazai gane wannan ba sosai, amma mu 'yan yadi kala ce rayuwarmu, kuma kyamarar waya maƙaryaciya ce, musamman ƙarƙashin ƙwan shago. Akwai wata shadda ruwan toka da na ɗauka da yamma a cikin shago, yaron shagon yace bari ya ɗan gyara ta fito, ya saka mata filta, wallahi a bidiyon sai ta koma kamar sararin samaniya tana ƙyalli. Wata Hajiya daga Abuja ta gani tace shi take so na ankon bikin ɗanta, na mutum takwas, ta turo kuɗi cas, na yanka na kai tasha. Kwana biyu sai ga saƙon murya, har yau ina jinsa a kunnena, bata yi zagi ba bata ɗaga murya ba, cewa kawai tayi "Malam, tsakaninka da Allah wannan shi ka nuna min?" Da zagina tayi da yafi min sauƙi. Na mayar mata da kuɗinta, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ga shadda an riga an yayyanka yadi biyar biyar sai da na karyar da ita, kuma Hajiyar nan bata sake nemana ba, ita da duk wanda zata iya turo min.

Yanzu ga yadda nake yi. Da safe wajen ƙarfe tara zuwa goma kafin layi ya cika, sai in fito da tebur bakin shago inda akwai haske amma ba rana kai tsaye ba, in goge gilashin kyamarar da gefen rigata don yawancin dishi-dishin da ake gani a bidiyon mutane maiƙon hannu ne kawai, in ajiye farar takarda a gefen yadin don mai kallo ya auna kalar da idonsa, in warware, in murza da yatsa kusa da waya har aji ƙarar, in juya bayan, in nuna bakin yadin inda aka buga suna. In na China ne ince na China ne, in mai kama da Getzner ne ince mai kama ne ba ita bace, don wanda ya san Getzner ta gaske ya san daga Austiriya take zuwa kuma ya san kuɗinta. Duka-duka bai wuce daƙiƙa arba'in. Mun sha ji a wajen malamai cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci ya tura hannunsa cikin tsibin yaji danshi a ƙasa, yace me yasa baka sa shi a sama ba mutane su gani, wanda yayi algus baya tare da mu. Toh ni a ganina filtar nan da muke sawa kaya algus ce, sai dai kawai ta zamani, busasshen a sama jiƙaƙƙen a ƙasa.

Sai maganar farashi, wadda akanta har faɗa mun yi da maƙwabtana. Zakaga mutum ya ɗora bidiyo mai kyau, mutum hamsin sun tambaya nawa ne, amsa ɗaya yake basu, a zo inbos. Haba jama'a. Wanda ke kwance a Gombe ko Jos yana latsa waya da daddare bashi da lokacin binka lungu, in baka faɗa ba wucewa zaiyi wajen wanda ya faɗa, kuma ɓoye farashin ma sawa yake mutum ya fara zargin kallon fuska zaka yi masa, mai hoton mota ka tsuga masa mai hoton fulawa ka rage. Na san hujjarsu, tunda aka saki naira kasuwa ke yanke mata daraja a 2023 aka cire tallafin mai kaya basa kwana da farashi ɗaya, ka faɗi kuɗi yau wani ya ga bidiyon bayan wata uku yazo yana maka rantsuwa kai kace kaza. Maganin wannan mai sauƙi ne, ni da bakina nake cewa farashin yau Talata kaza ga wata, in rubuta a ƙasa kuma. Wasu sunce ina ɓata kasuwa ina hana 'yan kayi-nayi cin abinci. Gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a nan, don yaran nan da ke tare baƙo a bakin layi su kai shi shago su samu la'ada suma iyali garesu, amma da yawansu yanzu su ke ɗaukar bidiyona su saka a sitatus ɗinsu su ɗora ɗan abinda zasu ɗora, in an yi oda suzo su karɓa, kaga kenan sana'ar bata mutu ba wuri ta canza.

Inda nafi son masu karatu su buɗe kunne shine wajen 'yan barkwancin nan da masu mabiya da yawa. Gab da wata babbar sallah zuciya ta ɗebe ni na biya wani yaro mai tashe a TikTok naira dubu 60 yayi min talla. Yazo da tawagarsa, ya naɗa shaddata a ka kamar rawani, yayi ta tsalle yana faɗuwa yana tashi, layinmu ya cika da 'yan kallo har ana ture min tebur. Bidiyo ya tafi, masu kallo sun haura dubu 100, ni kuma na kasa barci na saka waya a caji ina jiran ruwan oda. Malam Edita, kira biyu na samu. Ɗaya cewa yayi in taimaka masa da kyautar yadi biyar shi maraya ne, ɗayan kuma lambar yaron yake nema. Na shiga kwament ina karantawa, kowa dariyar faɗuwar yake, babu wanda ya ma lura da abinda ke kansa. Ban ga laifin yaron ba, shi aikinsa yayi, nine ban tsaya na tambayi kaina su waye ke kallonsa ba, yara ne 'yan makaranta da masu neman abin dariya kafin barci, ba masu haɗa lefe ba.

A satin kuma, don haushi ma, na ɗauki wani bidiyo da ko gyara banyi masa ba. Na yanko ƙyalle biyu, ɗaya daga shadda mai kyau ɗaya daga wadda aka cika wa sitaci, na jiƙa su a bokiti a gaban kyamara na cuɗa na matse na shanya akan igiya, bayan sun bushe na nuna yadda ɗaya ta tsaya da ƙyallinta ɗayar kuma ta zama kamar tsumma, ruwan bokitin ma ya canza. Waɗanda suka kalla basu kai dubu 3 ba. Amma a cikinsu akwai wani tela a Zariya da ya kira yace shi irin mutumin da yake nema kenan, yau shekara da shekaru duk wata sai yayi sari a wajena kuma ya haɗa ni da teloli huɗu. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Daga nan na gane mutane sun gaji da "ku zo ku saya", amma basa gajiya da a koya musu yadda baza a cuce su ba, yadi nawa ke isar kaftani yadi nawa in da babbar riga, me yasa wata shaddar a mita ake sayar da ita ba a yadi ba, yadda ake wanke atamfa karon farko, wane yadi ne baya riƙe zafi a watan Afrilu. Abinda ka sani a sana'arka wanda kake ganin ba komai bane, shi ne tallar.

Akan fodkas kuma, ɗan yayana da ya gama jami'a ya matsa min wai in buɗe, mu sayi makirfo biyu da fitila mu riƙa zama duk mako ana hira. Na fahimce shi, don mu Hausawa mutanen kunne ne tun asali, tun 1957 BBC ke magana da Hausa, iyayenmu da rediyon Kaduna suka tashi, kuma tunda Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 zai yi wuya ka ratsa layi a kasuwa baka ji rediyo na tashi ba. Amma rediyo batir kawai take ci, fodkas kuwa data yake ci, kuma kowa ya san a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Wa zai ƙona datarsa awa guda yana jin ɗan Kwari na surutu? Nace masa ɗana, fodkas ɗina shine saƙon murya. Minti ɗaya ko biyu, in gaishe da mutane in ce ga abinda ya sauka ga kuɗinsa ga wanda ya ƙare, in tura. Da yawan kwastomomina musamman na ƙauye da na Nijar basa karanta boko sosai, wasu matan kuma suna girki suke saurara, kuma murya tana ɗauke da wani abu da rubutu bashi da shi, mutum yana jin muryarka yana auna ko kai mai gaskiya ne. Ban ce fodkas bashi da amfani ba, wanda sana'arsa ke buƙatar dogon bayani, kamar mai haɗa sola ko mai sayar da abincin kaji da maganinsu, shi kam zai amfana, haka in masu shirin da suka riga suka tara jama'a suka gayyace ka baƙo kaje da gudu. Amma mai rabin shago ya ɗauki kuɗin turmi goma ya zuba a makirfo, a'a.

Wani abin da bamu cika tunawa ba, duk dandalin nan zanen aro ne. A watan Yunin 2021 gwamnati ta dakatar da Twitter sai Janairun 2022 aka buɗe, masu kasuwa a can suka wayi gari babu shago. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida, a daren nan har kashe waya nayi na kunna yafi sau goma ina zaton tawa ce ta lalace. A watan Satumban shekarar kuma aka katse sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro, abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, kwastomomina na Gusau suka ɓace ɗif kamar an yi ruwa an ɗauke, wasu da kuɗina a hannunsu wasu da kayansu a hannuna. Banda ɓarayin shafi, maƙwabcina shekara uku yana tara mabiya, aka turo masa saƙo wai za'a bashi shuɗin makin nan na tantance shafi ya turo lambobin da suka shigo wayarsa, ya tura, shikenan, kafin la'asar ana amfani da sunansa da hotonsa ana karɓar kuɗin mutane. Dan Allah duk wanda yace ka turo masa lambobin nan ɓarawo ne ko da muryar babanka yazo, kuma a daure a saka makulli na biyun nan na tsare shafi da ke cikin saitin manhajar, minti biyu ne. Ni yanzu littafi gareni mai bango mai kauri irin na 'yan bashi, duk wanda ya taɓa sayen ko yadi ɗaya sai na rubuta lambarsa da garinsu da abinda ya saya da watan da ya saya. In azumi ya matso sai in buɗe in bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma ina roƙon kowa yayi sebin ɗin lambata, don saƙon bai-ɗaya na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka a jeri guda kuma baya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba, sitatus ma haka, ga shi awa 24 yake ya goge.

Kuɗi da aike nan ma wani karatun ne amma bazan ja ba. Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ta koya wa har tsofaffin kasuwa karɓar taransfa, sai dai ta zo da alat na bogi, sau ɗaya aka yi min na haddace, yanzu ko hoton rasit ɗin yafi na kowa kyau sai na buɗe asusuna na gani da idona. Na kuma yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC na buɗe asusu da sunan shagon, don mutum yafi sakin jiki in yaga sunan da ke bidiyo shine a asusun. In na kai kaya tasha kuwa sai na ɗauki ɗan bidiyo, ga ƙunshin ga sunanka a jiki ga motar ga direban, in tura da lambarsa. Wannan ɗan bidiyon da babu mai gani sai mutum ɗaya, wallahi yafi duk sauran kawo min ciniki, don shi ake nuna wa 'yan uwa ace kun ga mutumin baya wasa. Da shi na riƙe mutanen Maraɗi lokacin da aka sake rufe boda bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wata da watanni bamu ga juna ba amma zumuncin bai yanke ba.

Ga 'yan uwana mata da ke cewa su kunya suke ji ko maigida bazai bari ba, uwargidana har yau ko sau ɗaya fuskarta bata fito a bidiyo ba, hannunta kawai ake gani yana zuba turare a kasko hayaƙi na tashi tana bayani, kuma in faɗi gaskiya wani watan tafi ni ciniki. Ba sai an yi rawa ba, ba sai an yi kwarkwasa ba. Abinda ke ɓata mana suna shine masu tallar maganin nan da ke zazzaga batsa a bainar jama'a, magani ɗaya wai yana maganin cuta goma sha, babu lambar NAFDAC babu komai, irinsu ke sa dattawa suce duk harkar waya iskanci ce. Ubangidana ma haka yake cewa da, wai kasuwa ta gaske gaba da gaba ake yinta. Rannan ya kira ni gefe yana ɗan sosa ƙeya yace "Kai, in ka gama naka ka leƙo ka ɗaukar min lesukan nan mana, amma kar ka saka fuskata."

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako akan wannan harka, da Hausa, kuma ku riƙa zuwa wajen waɗanda ke yi da hannunsu, mai kilishi, mai ɗinkin hula, 'yan waya na Farm Centre, 'yan hatsi na Dawanau, matan da ke sana'a a cikin gida, su faɗi abinda ya yi musu aiki da wanda ya cinye musu kuɗi. Don yanzu waɗanda suka cika fili sune masu cewa turo dubu biyar in saka ka a aji in koya maka sirrin samun miliyan, alhali shi kansa ajin shine kaɗai abinda suka taɓa sayarwa. Hukumomi irin su SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i da NITDA mai kula da fasahar zamani suma in zasu yi horo muna roƙon su haɗa kai da shugabannin kasuwa a kawo shi cikin kasuwa da sassafe kafin a buɗe shaguna, don ɗan tebur bazai rufe teburinsa wuni guda ya tafi ɗakin taro ba.

Bari in tsaya nan, motar Damagaram da la'asar take tashi kuma har yanzu ban ɗaure kayan mutane ba. A gaida kowa da kowa a ofis.

Naka,
Wani mai rabin shago a Kantin Kwari, Kano.